Faɗakarwa Ga Masu Ƙwace Ɗa Daga Hannun Uwarsa Bayan Saki, Da Hukuncin Ɗaukar Lauya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya zuba tausayi a zukatan iyaye mata, ya ɗora ciyarwa a wuyan iyaye maza. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Birnin Gwari, tun daga nan Kuyello har Dogon Dawa da Damari da Randagi, ku sani akwai wata ɓarna da ta zauna cikinmu har muka daina ganinta ɓarna. Ita ce mutum ya saki matarsa, ya bari sai ta yaye ɗansa, sa'an nan ya aiko a ɗauke yaro, yana cewa ɗa na uba ne. Mu kuwa masu rawani muna zaune muna kallo, littafin da ya hana wannan yana cikin gafakarmu. Ni mai wannan rubutu ba na fid da kaina daga laifin, kuma da kaina zan fara.

Wata shekara daga cikin shekarun da hanyoyin ƙasar nan suka lalace, 'yar wani maƙwabcina ta dawo gida da saki, da ɗa namiji a bayanta. Ta gama idda, ta yaye shi. Bai cika shekara 3 ba sai ƙanen tsohon mijin ya zo a kan babur, ya ce kakar yaro tana marmarin ganinsa, za a dawo da shi ran kasuwa. Kasuwa ta ci sau huɗu, ba yaro ba labarinsa. Yarinyar nan ta shigo gidana wurin iyalina tana kuka, aka kira ni, na tsaya daga bakin ƙofa na ce mata, "'Yata, ki yi haƙuri, ɗa nasu ne." Da bakina na faɗa. Bayan wata biyar muna karatun Risala da almajirai a zaure, muka iso babin idda da ciyarwa, inda mai littafi ya kawo hukuncin riƙon ɗa. Na fassara, na wuce. Sai wani ƙaramin almajiri ya ce, "Allah gafarta Malam, to ɗan wance fa da aka ɗauke?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Wannan takarda ita ce amsar da na kasa ba shi ran nan.

Fasali na farko, a kan wanda ke da haƙƙin riƙo.

Ku sani abin da muke kira riƙo ko reno shi ne littattafai ke kira hadana, tsofaffin malamanmu su furta halana. Mazhabarmu ta Imamu Malik ta ba uwa wannan haƙƙi bayan saki ko mutuwar miji. Ɗa namiji yana hannunta har ya balaga. 'Ya mace tana hannunta har a yi mata aure, mijin ya tare da ita. Haka Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya tabbatar a Risala, haka Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar. A cikin mazhabobi huɗu babu wadda ta tsawaita riƙon uwa kamar tamu, gama Hanafawa sun tsayar da na ɗa namiji a shekara 7, Shafi'awa kuma suna ba yaro zaɓi in ya yi wayo. To ku nuna mini mazhabar da ta ce riƙon uwa ya ƙare ranar yaye. Shekara 2 da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233, iyakar shayarwa ce ga mai son cikawa. Ayar nan ita ce kuma ta ɗora wa uba ci da tufa, ta hana a cuci uwa saboda ɗanta, ta hana a cuci uba saboda ɗansa. Mun riƙe rabin aya mun gina al'ada a kai, mun bar sauran.

Idan ka ce, ai ni ne uba, jinina ne, sunana yake amsawa, sai in ce maka, ka fi Sayyidina Umar ne? Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya aza a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya umarci Umar ya sakar mata yaro, Umar kuwa bai mayar masa da magana ba. Dubi wanda ya ɗauki ɗan, dubi wadda ta karɓe shi: tsohuwa guda, ba uwar ba ma. Sa'an nan Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub cewa wanda ya raba uwa da ɗanta za a raba shi da masoyansa ranar Ƙiyama. Malamai sun kawo wannan a babin cinikin bayi. In an hana a yi wa baiwa haka, ina ga 'ya, matar da ka aura da sadaki da shaidu?

Kada wani ya ce na zubar da haƙƙin uba. Walicci nasa ne, shi ke aurar da 'yarsa, shi ke kula da dukiyar yaro, yana da ikon ya duba lafiyarsa, ya hore shi, ya tura shi makaranta. Amma kwana a ɗakin mai riƙo ne. Nan fa zan taɓa mu malaman allo. Wanda ya fizge yaro ɗan shekara 5 daga uwarsa don ya ƙuntata mata, ya kawo maka shi da allo ya ce ga almajiri, ka tambaye shi ina uwar, ta yarda ko ba ta yarda ba. In ka karɓa ido rufe, kai ma ka sa hannu a cikin ƙwacen.

Fasali na biyu, a kan abin da ke sauya riƙo.

Riƙo yana sauyawa, ban musa ba. Amma da sabubba sanannu yake sauyawa, kuma sauyin yana bin jeri. Sharuɗɗan mai riƙo su ne hankali, da ikon hidimar yaro, da amana, da mazauni mai tsaro musamman ga 'yar da ta fara girma, da kuɓuta daga cuta mai cutar da yaro irin kuturta. In ɗaya ya faɗi, wanda ya yi da'awar faɗuwarsa ya je gaban alƙali a bincika. Ba ya aiko da babur.

Sababin da ya fi aukuwa shi ne uwa ta yi wani aure, mijin ya tare da ita. Nan mutanenmu ke tafka kuskure na biyu, suna zaton da ta yi aure yaro ya faɗa hannun uba. A lissafin Muhtasar mata shida ne a gaban uba: uwa, sa'an nan uwarta, sa'an nan kakar uwa, sa'an nan innar yaro wato 'yar'uwar uwarsa, sa'an nan innar uwar, sa'an nan kaka ta wajen uba. Bayan waɗannan uba ke shigowa, shi ma da sharaɗin yana da macen da za ta yi hidimar yaron. Kakar da za ta karɓa an sharɗanta mata ta zama ba gida ɗaya take da uwar da riƙonta ya faɗi ba. Har yau auren uwa ba ya ka da riƙo a kowane hali. In wanda ta aura muharramin yaro ne kamar baffansa, riƙonta yana nan. In jariri ya ƙi nonon kowa sai nata, riƙonta yana nan. In wanda riƙo zai koma gare shi ya san ta tare, ya yi shiru shekara guda ba da wani uzuri ba, ya makara. A ƙasar Maroko, inda su ma Malikawa ne, dokar iyali ta shekarar 2004 ta bar wa uwa yaron da bai wuce shekara 7 ba ko da ta yi aure. Na kawo wannan don ku ga masu mazhabarmu a wata ƙasa suna neman hanyar ƙara wa yaro zama da uwarsa, mu muna neman hanyar ragewa.

Sababi na biyu shi ne ƙaura. In uba zai tashi da zama ɗungum zuwa wani gari mai nisan baridi 6, yana da ikon tafiya da ɗansa, sai fa in uwar za ta bi su. Baridi ɗaya mil 12 ne, shida sun zama mil 72. Ku almajirai kun san tafiyar ƙasaru baridi 4 ce, to wannan ita ce da rabinta. Wanda ya koma Ikko ko Ibadan da iyalinsa ya shiga wannan hukunci. Wanda ya koma Dogon Dawa ko Funtuwa daga Kuyello bai shiga ba. Mai fatauci da mai cin rani ba su shiga ba, gama tafiyarsu ta komowa ce. Kuma malamai sun sharɗanta hanya ta zama amintacciya, garin da za a je ya zama amintacce. Wane ne a cikinmu bai san abin da hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama ba a shekarun 'yan bindiga, har kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe ta bayan sulhu? A cikin waɗannan shekaru ne wasu suka riƙa ɗauko yara daga gari mai jama'a suna kai su ƙauyen bakin daji, don kawai kada a ce tsohuwar mata ta rinjaye su.

Sa'an nan ku kiyaye wannan, gama a nan mata da yawa suke hasara. Riƙon da ya faɗi saboda uzuri kamar ciwo yana dawowa in uzurin ya gushe. Wanda ya faɗi saboda aure ba ya dawowa da mutuwar auren, a bisa zance mafi shahara. Wadda kuma ta yafe riƙonta da bakinta, ba tilas ba uzuri, ba ta da komawa. Mazhaba ta halatta mace ta fanshi kanta da barin riƙo in babu cuta ga yaro. Saboda haka duk wanda aka kira shi shaidar hul'i, ya karanta wa matar abin da ke cikin takarda da Hausa, a hankali, kafin ta dangwala yatsa. Na ga wadda ta dangwala tana zaton sadaki kaɗai ta mayar.

Fasali na uku, a kan wakili da lauya.

Masu ƙwace suna da sanda biyu da suke tsorata mace da su. Ta farko su ce mace mai kunya ba ta kai uban 'ya'yanta ƙara. Ta biyu su ce shari'a sai da lauya, lauya sai da kuɗi, ke kuwa ba ki da ko na sabulu. Wasu malamai kuma suka ƙara ta uku, suka ce ɗaukar lauya aikin Nasara ne. Duka uku ƙarya ne.

Game da kunya, Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mace ta zo gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kanta, ta kai ƙarar mijin da ya sake ta yana son karɓe ɗanta, aka hukunta mata ita ta fi cancanta muddin ba ta yi aure ba. Ba a ce mata ta rasa kunya ba.

Game da cewa lauya bidi'a ce, ku buɗe babin wakilci. Wakilci a cikin husuma halal ne, malamai suna kafa hujja da cewa Sayyidina Ali ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'unsa. Muhtasar ya halatta wakili ɗaya ko da abokin husuma bai so ba, sai in mutum ya riga ya zauna da abokin husumarsa gaban alƙali kamar sau uku, to ba ya wakiltawa bayan nan sai da uzuri. Rantsuwa kuwa ba a wakilta ta, wanda ta hau kansa shi ke yi. Lauya wakili ne da ya koyi hanyoyin kotu ya ke karɓar lada. Abin da ya sa kakanninmu ba su san shi gaban alƙali ba, dokar Turawa ce ta hana shi shiga kotunan En'e, hanin kuma ya ci gaba bayan da gwamnati ta karɓe kotunan a 1968 ta kira su kotunan yanki. Bayan tsarin mulki na 1979 manyan kotuna suka rushe hanin, har a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Kaduna ta yanke cewa lauya yana da ikon tsayawa gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ashe wanda ke cewa kada lauya ya shiga, hukuncin Razdan yake karewa yana zaton na Malik ne.

Game da cewa sai da lauya, wannan ita ce ƙaryar da ta fi ɓarna, gama ita ke zaunar da matalauciya a ɗaki. Tun shekarar 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, aka kafa kotunan Shari'a a Jihar Kaduna, maganar aure da saki da riƙon yara tsakanin Musulmi tana gabansu, da Hausa ake yi. Mace tana iya zuwa da kanta, ko ta wakilta ubanta ko wanta. Ta faɗa wa magatakarda da'awarta, a rubuta, ta biya kuɗin sammaci ta karɓi rasit, a kira tsohon mijin. Abin da za ta riƙa a hannu huɗu ne: takardar saki ko shaidun saki, da shaidu adilai biyu da suka san yaro a hannunta yake aka ɗauke shi, da sanin shekarun yaro, da lissafin abin da yake ci da sha da magani, don ta nemi a yanka ciyarwa a zama guda. Kada ta yi jinkiri, gama dogon shiru shi abokin husuma zai riƙa ya ce ta yafe. In an yanke hukunci ta nemi kofensa a rubuce ta adana. In kuma sulhu aka yi a zauren mai unguwa, to madalla, sulhu alheri ne, amma a rubuta shi da shaidu, a kai wa alƙali ya tabbatar, don maganar baka iska ke ɗaukewa.

Haka muka yi da 'yar maƙwabcina bayan almajirin nan ya kunyata ni. Wanta ya tsaya mata, ni da wani dattijo muka yi shaida, zama biyu aka mayar mata da ɗanta aka yanka masa ciyarwa ta wata-wata. Ba lauya ko ɗaya. Amma yaro ya yi wata bakwai a can, ya dawo da ƙazuwa, ya kwana uku yana ɓuya bayan kakarsa in uwar ta miƙo hannu. Wata biyar daga cikin bakwai ɗin nan a wuyana suke. Da ta yi aure bayan shekara biyu, uban ya sake tasowa, aka karanta masa jeri, yaro ya zauna wurin kakarsa ta wajen uwa, uban yana zuwa yana ganinsa.

To yaushe lauya ke zama wajibin hankali? In abokin husuma ya zo da nasa, kada ka bar 'yarka ita kaɗai tana rawar baki. In an fita da yaro zuwa wata jiha. In maganar ta cuɗe da dukiyar marayu. In kuma za a ɗaukaka ƙara, gama ɗaukakawa tana da kwanaki ƙidayayyu, sai a tambayi magatakarda tun ranar hukunci. Matakan su ne babbar kotun Shari'a, sa'an nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon duba maganar waliccin yara, sa'an nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, sa'an nan Kotun Ƙoli a Abuja. A biyun ƙarshe da Turanci ake rubuta hujja, wanda ya je ba lauya ya je farauta ba kare. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, ko ƙungiyar lauyoyi mata da ake kira FIDA, wadda ke tsaya wa mata da yara.

Ku kuma masu kuɗi da ke ɗaukar lauya don ya yi ta neman ɗage zama har mace ta gaji da kuɗin mota ta bari, ku tuna hadisin Ummu Salama da ke cikin Muwaɗɗa: Annabi ya yi gargaɗi cewa wani ya kan fi wani iya tsara hujja, wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram, gwanintar lauya ma haka.

Rufewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Zargin nan ya same mu. Da matan Kuyello sun san abin da ke cikin babi guda na Risala, da babu mai aiko babur ƙofar gidan ubansu. Saboda haka ina roƙon kowane malami da wannan takarda ta iso hannunsa abu uku. Ya karanta babin riƙo a majalisinsa, ya sa a karanta wa mata a cikin gida. In an kira shi shaidar saki, kada ya tashi sai an faɗi wurin da yara za su zauna da abin da uba zai riƙa bayarwa. In mace ta zo masa da kuka, ya faɗa mata haƙƙinta tukuna, kana ya ba ta haƙuri. Wanda ya ga kuskure a cikin abin da na rubuta ya zo da littafinsa zaurena, mu buɗe tare, in gaskiya tana gare shi na bi shi.

Allah ya gafarta mini maganar da na faɗa a bakin ƙofa. Allah ya tsare ƙasarmu da hanyoyinta, ya raya mana zuriya bisa tafarkin gaskiya. Allah shi ne mafi sani. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.

Daga wani almajiri a Kuyello.